Neman Legas a cikin faifan Band on the Run

Faifan Band on the Run na Wings, ƙungiyar kiɗan Paul McCartney, ya fito a ƙarshen 1973, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa a Legas aka ɗauka, a situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke Apapa. Duk mai bibiyar tarihin Paul McCartney bayan watsewar tsohuwar ƙungiyarsa Beatles a 1970 ya san wannan. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in aka ɗora allura a kan faifan na asali aka saurara daga farko har ƙarshe, ana jin Legas a ciki kuwa? Waƙoƙin suna nan a intanet, ko yanzu mutum ya latsa waya zai same su. Sai dai na ƙudurta in ji su yadda waɗanda suka saya a lokacin suka ji, fuska biyu, da juyawa a tsakiya. Aikin da na ɗauka na yamma ɗaya ne ya ja ni makonni, kuma rabinsa ba sauraro ba ne, wanki ne da gyara.

Kwafin da na yi aiki da shi na baffana ne. Ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa a shekarun 1970, lokacin Naira tana sabuwa fil, don a Janairun 1973 aka fara kashe ta. Kamar samarin zamaninsa, in albashi ya zo sai an ware na faifai. Da ya dawo Arewa ya taho da akwatin ƙarfe cike da su: Shata, Ɗan Maraya, Fela, kiɗan Ghana, da na Turawa 'yan kaɗan. Kaset ya zo ya kashe wa faifai kasuwa, akwatin ya shige ƙarƙashin gado ya yi zamansa.

Na ce masa, “Baffa, wannan fa a unguwar da kuke aiki aka yi shi.”

Ya ce, “Haka aka ce, ɗana. Mu dai mun saya ne don mutumin Beatles ne. Ɗauki, amma kar ka kuskura ka bar shi a rana.”

Abu na farko da na yi shi ne gano wane bugu ne a hannuna, domin faifan ya fito iri biyu. Bugun Ingila waƙa tara ne, kusan minti 41. Na Amurka goma ne, saboda kamfanin can ya matsa aka cusa Helen Wheels a fuska ta biyu, waƙar da a Ingila ita kaɗai aka sayar a ƙaramin faifai. Na ƙirga, tara. Lambar da ke jikin kwalin kuma PAS 10007 ce, ta Apple, kamfanin faifai na Beatles, a Ingila. Ta Amurka SO-3415. Hoton bangon ya koɗe amma ana gane shi: mutum tara cikin baƙaƙen kaya, sun manne da bango, hasken fitila ya kama su kamar fursunonin da aka ritsa suna shirin tserewa. Uku su ne 'yan ƙungiyar. Sauran shida sanannun mutane ne da aka gayyato, cikinsu akwai 'yan fim Christopher Lee da James Coburn, da mai hira da baƙi a talabijin Michael Parkinson, da ɗan dambe John Conteh, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne. Clive Arrowsmith ne ya ɗauki hoton a Osterley Park, yammacin Landan. Asalin faifan yana zuwa da babbar takarda mai ɗauke da hotunan da Linda McCartney, matar Paul, ta ɗauka lokacin aikin. Ta Baffa ta daɗe da ɓata, ya ce wataƙila a bangon ɗakinsa na Legas ya baro ta.

Sai wanki. Ƙurar shekaru ta shiga cikin tsagin faifan ta daskare, kuma ƙurar hunturu irin tamu ba ta wasa ba ce, laushi gare ta kamar gari amma tana cin roba in allura ta bi ta kanta. Ruwan famfo ko na rijiya ba ya yi, yana bushewa ya bar gishiri a cikin tsagi. Tataccen ruwa ake nema, irin wanda ake sayarwa don batirin mota, a tabbatar dai tsantsa ne ba mai asid ba. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kofi ya isa. Da buroshi mai laushi ake bin zagayen tsagin, ba a ratsa shi, a kiyaye takardar tsakiya kar ta jiƙe, a ɗauraye da tataccen ruwan, a jingine shi a inuwa ya bushe da kansa. Ruwan farko da ya sauko launin shayi ne. Tsohuwar rigar takarda ta ciki kuwa ba a mayar da wankakken faifai cikinta, don ƙurar da aka wanke tana nan a ciki tana jira.

Na'urar ita ta fi ba da wuya. Ta Baffa ta mutu tun tuni, sai na samo wata ta hannu, 'yar Japan, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda ya fara sana'ar tun garmaho yana da daraja. Ya juya ta, ya ɗaga farantin, ya nuna mini bel ɗin roba da ya narke ya zama kamar kwalta.

“Baba, in aka sauya bel shi ke nan?”

“Ina! Yaro, bel shi ne mai sauƙi. Allurar nan ta cinye, in ka ɗora ta a faifan baffanka sau ɗaya ta rame shi har abada. Kuma na ga samarin da can suna ɗora kwabo a kan hannun wai don kar ya yi tsalle. Su suka kashe rabin faifan ƙasar nan.”

A wurinsa na koyi cewa nauyin da allura ke saukewa a kan faifai ana auna shi ne, kuma ga yawancin irin wannan na'ura tsakanin giram ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Akwai dunƙulen ƙarfe a bayan hannun da ake murzawa har a daidaita. In ya yi nauyi ya ci tsagi, in ya yi sauƙi fiye da kima allurar ta riƙa rawa tana dukan gefen tsagin, wanda shi ma ɓarna ne. Ya kuma hana ni jona ta kai tsaye a lasifikar zamani. Dalili kuwa, lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage ƙarar ƙasa a ƙara ta sama, don tsagin ya yi siriri waƙoƙi su samu wuri. Tsari ne da kamfanoni suka daidaita a kai tun shekarun 1950, ana kiransa RIAA. Dole a samu ƙaramin akwati tsakanin na'urar da amfilifaya da zai mayar da sautin yadda yake, ya kuma ɗaga shi. In babu shi, abin da za ka ji siririn sauti ne mara ƙarfi, babu gitar bes sam. A faifan McCartney kuwa, in ka cire bes ka cire rabin mutumin.

Saura wuta. Faifai irin wannan yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kuma injin tsofaffin na'urori da yawa da bugun wutar lantarki yake auna gudunsa. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, irin ta Ingila. Ta Amurka 60. Wanda ya sayo na'urar da aka ƙera don Amurka mai irin wannan inji, ko ya sa taransifoma ya gyara ƙarfin wutar, faifan zai riƙa jan ƙafa wajen juyi 28, muryar mawaƙi ta yi kauri. Janareto ma matsala ne: duk sanda firji ya tashi, gudun ya canja, sai ka ji fiyano yana lanƙwasa. Ba a gane wannan a ganga, a dogon sautin fiyano ko goge ake kama shi. Daga baya sai na koma amfani da batirin sola ta inbata mai kyau, na kashe duk wani abu a gidan.

To, an zo ga sauraro.

Waƙar farko, wadda faifan ya ci sunanta, waƙa uku ce aka ɗinke wuri guda cikin minti biyar da 'yan kai: ta fara a hankali cikin ƙunci, ta koma gita mai kaifi, sai ƙungiyar makaɗan goge da ƙaho ta tashi gaba ɗaya, sannan gitar katako ta buɗe fili. Wannan tashin na goge da ƙaho ba na Legas ba ne. A Landan aka ƙara shi, a situdiyon AIR na George Martin, furodusan Beatles, kuma Tony Visconti ne ya tsara. Jet, wadda ke biye, gaba ɗayanta a Landan aka yi. Wato tun ban kai minti goma ba na fara gane cewa abin da ya fi ƙara a faifan ba daga Apapa ya fito ba.

Abin da ya fito daga Apapa shi ne ƙashin bayan waƙoƙin, kuma ana jinsa a ganga. Wings ta shirya tafiya da mutum biyar. Gab da tashi, mai gita Henry McCullough ya fice, sannan mai ganga Denny Seiwell ya bi bayansa ana jajibirin tafiya. Aka bar mutum uku: Paul, matarsa Linda, da Denny Laine, sai injiniyan sauti Geoff Emerick, wanda ya yi aiki da Beatles a da. McCartney ya zauna a kan ganguna da kansa, ya buga bes, ya ɗauki yawancin gitar. Na'urar ɗaukar sauti a situdiyon mai layi takwas ce kacal, a lokacin da manyan situdiyoyin Landan suka wuce nan. Saboda haka kowace waƙa hawa-hawa aka gina ta, ganga da gita ɗaya tukuna, sannan a bi a ɗora sauran. Da kunne ya saba, za ka ji gangar ba ta da ado. Bugu ne madaidaici na mutumin da ya san inda waƙarsa za ta, ba ya neman burge kowa. A Let Me Roll It, wadda ta rufe fuska ta farko, wannan ƙarancin shi ne kyanta: gita ɗaya mai tsini, bes mai nauyi, murya mai amsa-kuwwa, sai sarari tsakaninsu. Masu sharhi da yawa sun ce salon John Lennon ne, abokin waƙarsa a Beatles. Ni dai a kunnena ita ce ta fi kowace waƙa a faifan nuna cewa mutum uku ne a ɗaki.

Ya aka yi McCartney ya zaɓi Legas? Ya gaji da Ingila, ya nemi EMI ta ba shi jerin situdiyoyinta na duniya, idonsa ya faɗa kan Legas, ya hango rana da bakin teku. Ya sauka ƙarshen Agusta, damina ba ta gama sauka ba, ƙasa na hannun soja ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon, shekara uku da 'yan watanni bayan yaƙin basasa. Sun kama masauki a Ikeja, kullum sai sun ratsa gari zuwa Apapa. Wani dare shi da Linda suna tafiya a ƙafa, 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka ƙwace abin da ke hannunsu, har da jakar da ke ɗauke da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da takardun baitoci. Sai da ka ya tuno su. Wata rana kuma ya yanke jiki ya faɗi a situdiyo, numfashi ya sarƙe, aka ɗauka ciwon zuciya ne, ashe maƙogwaron huhu ne ya shaƙe saboda yawan shan taba. Da na ba Baffa labarin fashin, dariya ya yi ya ce ko su da suke 'yan gari ba sa wannan yawon da dare.

Sai maganar Fela, wadda ita ce amsar tambayata. McCartney ya je gidan rawar Fela, Shrine, ya ji ƙungiyar Fela, Africa 70, suna kiɗa, kuma ya sha faɗa daga baya cewa abin ya ratsa shi har ya yi hawaye. Fela kuwa ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. McCartney ya gayyace shi situdiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka, don ya ji da kunnensa babu kiɗan Afirka a ciki. Duk wani tunanin sa makaɗan Legas a faifan ya mutu daga nan.

Don in gwada wannan da kunnena, na ciro faifan Gentleman na Fela daga akwatin, shi ma na 1973, na wanke shi, na kunna bayan Mrs. Vandebilt, waƙar da wasu ke cewa tana da ƙanshin Afirka saboda amshinta da tsallen bes ɗinta. Ba su haɗa hanya ba. Gangar Tony Allen, mai gangar Fela, hannu huɗu take magana lokaci guda, kiɗan yana zagayawa ba ya gaggawar isa ko'ina. Ta McCartney a miƙe take, baiti, amshi, baiti. Ra'ayina, Fela yana da hujjar yin tsaro, don an sha ɗibar kiɗan mutane a tafi ba ko na gode. Amma a kan wannan faifan, abin da aka kunna masa gaskiya ne. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne hanyar ta kasance mai zuwa da komowa: a 1971 Fela ya je Abbey Road, situdiyon da Beatles suka yi yawancin faifansu a Landan, ya ɗauki kiɗa tare da Ginger Baker, tsohon mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila. Bayan shekara biyu mutumin Beatles ya zo Apapa. Ɗan Najeriya da aka ji a faifan, Remi Kabaka, wanda ya buga kayan kiɗan hannu a Bluebird, shi ma a Landan aka ɗauke shi.

Ginger Baker ɗin nan a lokacin yana zaune a Legas, ya gina situdiyonsa mai suna ARC a Ikeja, kuma ya so a yi faifan duka a can. Don a faranta masa aka je rana guda, aka yi aikin Picasso's Last Words, shi kuma ya riƙa girgiza gwangwani mai tsakuwa a ciki. Na daɗe ina kasa kunne kafin in tsinci ƙarar. Ita waƙar tushenta Jamaika ne: ɗan fim Dustin Hoffman ya ƙalubalanci McCartney ya tsara waƙa nan take a kan kalaman ƙarshe na mai zane Pablo Picasso, wanda ya rasu a Afrilun shekarar. Mamunia kuma, wadda ta buɗe fuska ta biyu, daga sunan wani otal na Marrakesh a Maroko ta samo suna, ko da yake maganar ruwan sama take yi, kuma da wuya mutum ya ji ta bai tuna a wace damina aka ɗauke ta ba.

A fuska ta biyun nan ne wahalar da na sha ta biya ni. A tsakiyar Picasso's Last Words sai ga guntun Jet ya dawo a hankali, can kuma amshin Mrs. Vandebilt ya leƙo. Waƙar ƙarshe, Nineteen Hundred and Eighty-Five, ta hau da fiyano, ta yi ta kumbura har goge da ƙaho suka fashe, sai ga ɗan guntun waƙar farko ya rufe faifan. Wanda ya ji waƙoƙin a warwatse a waya, wannan yau waccan gobe, ba zai san an ɗaure su da juna haka ba. Kuma a nan ne allura ke nuna halinta. A bakin faifai, tsagin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa. Kusa da tsakiya ya ragu zuwa wajen 20. Sauti iri ɗaya sai an matse shi a wuri ƙarami, shi ya sa masu yanka faifai suka fi son waƙa mai sanyi a ƙarshen fuska. McCartney ya ajiye mafi ƙarar abin da yake da shi daidai wurin da faifai ya fi rauni. A kwafin Baffa, minti ɗaya na ƙarshen nan yana ɗan tsatsa, ƙahon yana yagewa a sama. Dattijon mai gyara da ya ji, bai ce komai ba sai “Kwabo.” Ba wankin da zai gyara wannan.

Faifan ya ci kasuwa: ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka, kuma Emerick ya samu kyautar Grammy ta aikin sauti a kansa, abin da ke ba ni dariya in na tuna da layi takwas ɗin Apapa. A 2024, don cikarsa shekara 50, an sake fitar da shi haɗe da wani zubi da aka haɗa kafin a ƙara goge da ƙaho. Wanda ke son jin abin da ya fi kusa da abin da ya baro Legas, wannan zubin zai nema. Denny Laine bai ga fitowarsa ba, ya rasu a Disamban 2023.

Daga ƙarshe na kwafe shi a kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Kowace fuska a jere na ɗauka ba tsayawa, na bar sarari a ma'aunin ƙara don kar ya kai ja, na adana a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, kafin in yi ƙaramin kwafi na waya. Manhajar tana da abin goge ƙaiƙayin faifai, amma in aka matsa masa yana tafiya da ƙarar faranti da numfashin mawaƙi, sai sautin ya zama kamar daga cikin ruwa. Manyan ƙas-ƙas ɗin kawai na cire da hannu ɗaya bayan ɗaya, na bar sauran. Faifan kuma yanzu a tsaye yake a kanta, cikin sabuwar riga, nesa da taga da rufin kwano, don a kwance in aka jibga su nauyi da zafin bazara suna lanƙwasa su, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe.

Akwatin bai ƙare ba. A ƙasansa akwai tsofaffin faifan garmaho masu nauyi, masu juyi 78, waɗanda ba da roba aka yi su ba, da wani ƙaro ne mai fashewa in ya faɗi. Su allurarsu daban ce, ta fi kauri, na'urata ba ta da gudunsu, kuma ko kusa ba a kai musu sinadarin wanki mai barasa don narkar da su yake yi. Baba mai gyara ya ce yana da wata tsohuwar na'ura a bayan shago da za ta iya, in na samo mata allura. Na Shata da Ɗan Maraya masu juyi 33 su ne a layi yanzu, Baffa ya ce su zan fara kawo masa a waya, na Bature ya jira.